Yadda muka kai yayana gidan jinyar ƙarshe a Ingila, da takardun da suka biyo baya

Hausawa sun ƙaru a Ingila a 'yan shekarun nan, kuma kusan kowa ya san hanyar likitan unguwa da ta asibiti da lambar motar gaggawa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne inda ake dosa idan likita ya ce magani ya ƙare. Ni ma sai da ta faɗo a kan yayana, Allah Ya jiƙansa, na koya. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, domin wanda Allah Ya jarraba da irin wannan kada ya yi ta lalube.

Yaya yana da shekara 58, ya daɗe a ƙasar har ya samu takardar zama ta dindindin, yana da mata da 'ya'ya uku. Ciwon hanta nau'in B ya daɗe a jikinsa ba tare da ya sani ba, har ya rikiɗe ya zama ciwon daji. An yi masa magani na wani lokaci, sannan aka kira mu ganawa da babban likitan cutar. A nan likita ba ya janye ɗan'uwa gefe ya raɗa masa magana kamar yadda muka saba a gida. Marar lafiyan ake faɗa wa ido da ido, domin a wurinsu shi ke da haƙƙin sanin halinsa. Likitan ya ce cutar ta bazu, hantar kuma ba za ta ƙara ɗaukar magani mai ƙarfi ba, kuma a ganinsa maganar watanni ake yi. Yaya ya yi salati, ya yi shiru. Wanda ba ya son jin irin wannan da kunnensa yana da damar ya faɗa tun da wuri cewa a riƙa yi wa wane bayani, za su rubuta kuma za su kiyaye. Matar Yaya, wadda nake kira Anti, Turancinta bai kai na maganar likitoci ba, sai muka nemi tafinta. Kyauta ne, kuma ana samun mai jin Hausa ta waya idan an nema kafin ranar. Ina roƙon mutane kada su sa ɗan shekara goma sha biyar ya fassara wa uwarsa cewa ubansa ba zai tashi ba.

Daga wannan ganawar aka haɗa mu da wata nas ta sashen rage raɗaɗi, kuma a bakinta na fara jin maganar hosfis, gidan da ake kwantar da wanda cutarsa ta fi ƙarfin magani domin a sauƙaƙa masa ciwo. Ta ce ba wuri ba ne da mutum zai ɗauki jaka ya je ya buga ƙofa. Akasari likitan unguwa ko likitan asibiti ko nas mai zuwa gida ne ke tura sunan mutum. Ta tura sunan Yaya a ranar, duk da cewa yana tafiya da ƙafarsa, ta ce gara su san shi tun yanzu. Ita ce kuma ta cike wata takarda mai suna SR1, wadda likita ko nas ke cikewa idan ana ganin mutum ba lalle ya wuce watanni 12 ba. Da wannan takardar ake neman tallafin kuɗi na marasa lafiya ta gajeriyar hanya, ba a kiran mutum gwaji, kuma ana ba shi mataki mafi girma na ɓangaren hidimar yau da kullum. Da yake Yaya bai kai shekarun fansho ba, PIP aka nema masa, wato tallafin masu nakasa ko doguwar rashin lafiya, kuma kuɗin bai daɗe ba ya fara shigowa, fam ɗari da 'yan kai a mako. Anti ta nemi alawus na mai jinya, wanda ake ba wanda ke hidimar marar lafiya aƙalla awa 35 a mako. Sai dai a nan akwai abin lura ga 'yan'uwanmu masu bizar aiki ko ta karatu: idan an rubuta maka cewa ba ka da damar cin kuɗin gwamnati, waɗannan tallafin suna cikin abin da aka hana ka, kuma nemansu na iya jawo maka matsala a takardunka. Jinyar kanta ba ta cikin wannan hanin.

Zangon farko a gida muka yi shi. Nas-nas na unguwa suka fara zuwa, aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo saboda hawa bene ya gagare shi. Da jiki ya ƙara rauni, nas ta cike takardar gaggawa ta neman hukumar lafiya ta ɗauki nauyin masu hidima, wadda ba a duba arzikin mutum kafin a ba shi. A ƙa'ida cikin awa 48 ya kamata a fara, mu namu ya ɗan wuce haka saboda mun ce namiji muke so ya riƙa yi masa wanka, maza kuwa ba su da yawa a wannan aikin. Kafin a samu, ni nake zuwa da asuba in yi masa kafin in wuce aiki. An kuma kawo wasu allurai aka ajiye a gidan saboda ko-ta-kwana, na ciwo da na amai da na firgita da na majina, domin nas ta same su a kusa ko da tsakar dare ne.

A wannan zangon ne aka yi maganar da ta fi kowace nauyi. Likitan unguwa ya zo gida ya ce yana son ya rubuta takardar DNACPR, wato idan zuciya ta tsaya kada a danna ƙirji a yi ƙoƙarin tayar da ita. Anti ta fashe da kuka, ni ma raina ya ɓaci, na ji kamar ana neman mu sa hannu a kan rai. Likitan bai yi gaggawa ba. Ya ce takardar ba ta hana magani ko abinci ko ruwa ko kai shi asibiti, abu ɗaya tak ta shafa. Ya ce ga mai irin cutar Yaya danna ƙirji ba ya dawo da mutum, sai dai ya karya haƙarƙari. Ya kuma faɗi abin da ban taɓa tunani ba: idan rai ya yi halinsa a gida aka kira motar gaggawa babu takardar, ma'aikatan za su hau aikinsu a kan gawar, ana iya kiran 'yan sanda, maganar ta kai ga mai binciken mace-mace, jana'iza ta yi ta jinkiri. Yaya ya ce a ba shi lokaci. Ya kira wani malami da ya yarda da shi, suka daɗe suna magana, daga baya ya ce min, «Ajali ba a hannun likita yake ba, amma ba na son a wahalar da gawata.» Aka rubuta. Takardar tana zama tare da marar lafiya duk inda ya je, mu mun sa ta a jakar magungunansa.

Daga baya gida ya gagara. Cikinsa ya kumbura da ruwa, idanu suka yi ɗorawa, dare ya zama ba barci. Wani lokaci hankalinsa ya kan gushe saboda gubar da hanta ta kasa tacewa, ya yi ta ƙoƙarin sauka daga gado yana cewa zai tafi Zariya. Anti ta rame, ƙaramin yaron ya daina cin abinci. Nas ɗin hosfis da ke leƙo mu ta ce lokaci ya yi da za a nemi gado. Ta gaya mana gaskiya cewa gadajen kaɗan ne, kuma ba layi ake bi ba. Kowace safiya ma'aikata na zama su duba sunayen da ke jira, su ɗauki wanda ya fi matsuwa. Don haka duk abin da ya canja a jikinsa mu kira mu faɗa, kada kunya ko kawaici su sa mu ce «da sauƙi» alhali babu. Wannan shawara ta yi mana amfani ƙwarai, domin Bahaushe ko yana gargara aka tambaye shi jiki, «Alhamdu lillahi» zai ce, su kuma abin da ka faɗa shi suke rubutawa.

Jiran ya yi mana tsawo, amma abin da ya fi jiran ciwo shi ne wayar gida. Wani kawunmu ya ce ashe Turai ta lalata mu har za mu kai ɗan'uwanmu gidan jiran mutuwa muna raye. Wata ta ce a sa shi a jirgi a kawo shi a yi na gargajiya. Ban ga laifinsu ba, domin a wurinmu jinya haƙƙi ce a kan dangi, kuma wanda ya miƙa ta ga bare ana masa kallon wanda ya gaji. Amma a gida akwai 'yan'uwa goma da za su karɓi juna, a nan mu biyu ne da yara 'yan makaranta. Wata safiya da hankalinsa ke daidai na zauna na ce, «Yaya, me kake so?» Ya dubi Anti da ke gyangyaɗi a kujera, ya ce a kai shi. Na kira kawu na miƙa masa wayar, ya ji daga bakinsa, maganar ta mutu.

Da safe aka kira cewa gado ya samu, kuma ana son mu iso kafin azahar. Su suka shirya motar ɗaukar marasa lafiya. Muka haɗa duk magungunansa, takardar DNACPR, jallabiyoyi, carbi, Alƙur'ani da dutsen taimama. Wurin bai yi kama da asibiti ba. Ɗaki ne na mutum ɗaya da banɗakinsa, ƙofar gilashi tana buɗewa zuwa lambu, ga kujera mai zama gado don mai kwana da shi. Likita ta zauna da mu fiye da awa guda. Bayan tambayoyin ciwo ta tambaye shi abin da ya fi damunsa, da wanda yake son a kira idan jiki ya rikice, da abin da addininsa ke bukata kafin rasuwa da bayanta. Ni kuwa tun a mota abin da ke cina shi ne kuɗi, har na tambayi ma'aikaciyar ofis nawa ne kwana. Ta ce ko sisi. Yawancin irin waɗannan gidaje a Birtaniya, waɗanda sun haura 200, ƙungiyoyin agaji ne. Gwamnati na ba su kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da suke kashewa, sauran daga sadaka da wasiyyar mutane da shagunan gwanjon nan da muke shiga sayen rigar sanyi. Wata likita Cicely Saunders ce ta kafa na farko irin na zamani, St Christopher's, a kudancin Landan a 1967. Na daɗe ina sayayya a shagon gwanjon gidan da aka kwantar da Yaya ban san inda kuɗin ke zuwa ba.

A ranar farko suka ɗaura masa wata 'yar na'ura mai batir, wadda ke tura magani a hankali ta siririyar allura a ƙarƙashin fata, ana sake cika ta bayan kowace awa 24. Da na ji akwai maganin dangin morfin a ciki, na tare likitar a baranda na tambaye ta kai tsaye ko wannan ba ya gaggauta mutuwa, domin haka ake faɗa a cikinmu. Ta ce ana farawa da kaɗan ne, a ƙara gwargwadon ciwo, kuma idan aka bi haka ciwon yake kashewa ba mutum ba. Ta ce saboda hantarsa ma sun fi taka-tsantsan, kuma yawan barcin da za mu gani nan gaba na cutar ne. Ta nuna min takardar da ake rubuta kowane ƙari. Yaya ya ce shi dai yana son ya riƙa sanin lokacin salla, suka daidaita maganin a kan haka iyakar iyawarsu. Akwai morfin na sha da ake haɗawa da ɗan sinadarin barasa, akwai kuma ƙwayoyi masu kwanson gelatin, wanda hankalinsa bai kwanta ba ya tambaya, sau da yawa akwai madadi. Sun zuƙe masa ruwan cikin, numfashi ya dawo daidai, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Washegari ya nemi kunun gyaɗa, Anti ta dama ta kawo, babu wanda ya hana.

Abin da muka roƙa na addini duk an yi. Suka juya gadon ya fuskanci alƙibla, wadda a Ingila take kudu maso gabas. Aka rubuta a ƙofa cewa a ƙwanƙwasa a jira. Idan akwai nas namiji a bakin aiki shi ke gyara shi, idan babu su tambaye shi ko zai jira ni. Ba a ƙayyade wa iyali lokacin ziyara ba, sai dai ranar Juma'a da mutanen masallaci suka zo da yawa an roƙe mu a riƙa shiga kaɗan-kaɗan saboda maƙwabta, kuma gaskiyarsu ce. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne da aka ce mana ba wurin zama na dindindin ba ne. Yawanci mako ɗaya zuwa biyu ake yi, idan jiki ya lafa a mayar da mutum gida ko gidan kula da tsofaffi mai nas-nas, kuma mutane da dama suna fita da ransu. Da Yaya ya ɗan farfaɗo har an fara wannan maganar da mu.

Wannan 'yar lafawar ita ce ta ba shi damar gyara al'amuransa. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta gidan ta tuna mana cewa wanda ya rasu a Ingila bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar ƙasar ce za ta raba dukiyarsa, ba rabon gado na Musulunci ba. Aka samo lauya ya zo har ɗaki, aka rubuta, shaidu biyu da ba su da kaso a ciki suka sa hannu, likita kuma ta tabbatar yana cikin hayyacinsa. Ya lissafa min bashin da ake binsa da wanda yake bi, na rubuta. Likitar ta ba mu wasiƙa mai bayyana halinsa, aka haɗa da takardun bizar yayarmu a Abuja, muka biya ƙarin fam 500 na gaggawa. Ta iso ta same shi yana gane mutane. Hajiya mahaifiyarmu tafiya ta fi ƙarfinta, ta waya suka yafi juna. A nan ne kuma na yi ƙarfin hali na tambaye shi inda yake son a sa shi. Kai gawa gida yana bukatar a yi mata allurar hana ruɓewa, a sa ta a akwati na musamman, a samu izinin fitar da ita daga mai binciken mace-mace, ga kuɗi mai yawa ga jinkiri. Ya ce ko'ina ƙasar Allah ce, a rufe shi a nan da wuri. Na je masallaci na ga masu kula da jana'iza, na karɓi lambar da ake samunsu dare da rana, na kuma sa aka rubuta a fayil ɗinsa cewa Musulmi ne, ana bukatar sakin gawa da gaggawa.

Maganar sallama ba ta je ko'ina ba, jiki ya sake juyawa. Ya daina ci, sannan ya daina sha. Yayarmu ta tayar da hankali ta ce a sa masa ƙarin ruwa. Nas ta zaunar da ita ta ce a wannan matakin jiki ba ya iya sarrafa ruwan, a ciki da huhu zai taru ya ƙara masa wahala, ta koya mata yadda za ta riƙa jiƙa masa leɓe, muka riƙa yi da zamzam. Sun faɗa mana alamomin tun kafin su zo: ƙafafu za su yi sanyi, numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, maƙogwaro zai yi ƙara. Sanin haka ya hana mu firgita. Da suka ga lokaci ya matso suka ce a kira yara. Muna karanta Yasin, ina laƙƙana masa kalmar shahada a kunne, Allah Ya karɓi abinsa bayan isha'i. Nas ta tabbatar ta rubuta lokaci, ta bar ni na rufe masa ido na ɗaure haɓa, babu wanda ya ce mu yi sauri mu fita.

Daga nan sai takardu. Tun Satumban 2024, a Ingila duk rasuwar da ba ta je hannun mai binciken mace-mace ba sai wani likita na daban da ba ya cikin masu jinyar ya duba dalilin da aka rubuta kafin a yi rajista. Da safe ofishinsa ya kira ni, ya karanta min dalilin, ya tambaya ko muna da wani ƙorafi game da jinyar. Na ce babu, aka tura takardar ofishin rajista na ƙaramar hukumar da aka rasu a cikinta, ba ta inda mutum yake zaune ba. Doka ta ba da kwana 5, amma da na ce jana'izar Musulmi ce suka ba ni lokaci a ranar. Anti ta shiga takaba, ni na je da fasfo ɗinsa. A duba rubutun suna harafi-harafi kafin a sa hannu, domin Muhammad ɗinmu kowace takarda da yadda ta rubuta shi, gyara daga baya kuma kuɗi ne. Suka ba ni koriyar takarda ta izinin binnewa, na sayi kwafin shaidar rasuwa da dama a kan fam 12.50 kowanne saboda banki da wurin aiki, suka kuma ba ni lambar Tell Us Once wadda ke sanar da ofisoshin gwamnati gaba ɗaya. Masu jana'iza suka ɗauke shi zuwa masallaci, muka yi masa wanka da sutura, washegari bayan azahar aka sallace shi aka kai shi. Kabari da haƙa da mota sun ci mana kusan fam 4,000, jama'ar masallaci suka kama mana. Kuɗin kabari ya danganta da ƙaramar hukuma, kuma ya fi tsada ga wanda ba mazauninta ba. Rasuwar ƙarshen mako ta fi wuya, sai a tambaya tun da wuri ko akwai mai rajista na ko-ta-kwana a garin.

Ga wanda ke kan wannan hanya yanzu, ina ganin abin da ya fi taimakonmu shi ne sunan Yaya ya shiga hannunsu tun yana tafiya da ƙafarsa. Ka nemi a tura sunan da wuri, hakan bai ɗaure ka ka kai shi ba, kuma suna taimakawa ko a gida aka zaɓi a ƙarasa. Ka tambayi marar lafiyan da kansa tun yana iya amsawa, a gaban shaida, domin maganarsa ce kaɗai ke kashe gardamar dangi. Takardar ba wani izinin tafiyar da kuɗi ko yanke shawara a madadin mutum tana ɗaukar makonni kafin a yi mata rajista, ba a barinta sai ƙarshe. Matar da mijinta ya rasu kafin ta kai shekarun fansho ta nemi tallafin zawarci cikin watanni 3 don ta samu cikakke, idan mijin ya biya harajin inshorar ƙasa. Mai yara ana ba ta fam 3,500 a dunƙule, sannan fam 350 duk wata har sau 18. Gidan jinyar ma bai sake mu ba, sun kira Anti daga baya, kuma ƙaramin yaron yana zuwa wurin mai ba yara shawara a can.

Likitar ta kuma ce mu je a gwada jininmu, domin ciwon hanta na B ya yawaita a Afirka ta Yamma, yakan bi daga uwa zuwa jariri ko tsakanin yara a gida ɗaya, ya yi shekaru bai nuna alama ba. Mun je wurin likitan unguwa, ni da Anti da yaran, waɗanda ba su da shi aka yi musu rigakafi. Yayarmu da ta koma ta tattara sauran 'yan ɗakinmu ta kai su asibiti, aka samu ɗaya yana da shi, yanzu yana ganin likita ana duba hantarsa a kai a kai.